Tsibiran Indonesiya da wutar da ke ƙarƙashinsu: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya buɗe taswirar Indonesiya ya dubi gefenta na kudu, zai ga Sumatra da Java da Bali da Lombok da Sumbawa da Flores sun bi bayan juna kamar ayarin raƙuma, layin kuma ya lanƙwashe kamar lauje. A kan wannan layi duwatsu masu aman wuta suka yi jerin gwano, labarin girgizar ƙasa kuma ba ya yankewa daga can. Masana ilimin ƙasa suna kiran layin Bakan Sunda. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Me ya sa tsibiran suka jeru haka, kamar da gangan aka shirya su?

Domin abu ɗaya ne ya haife su. Kudu da tsibiran, a ƙarƙashin Tekun Indiya, akwai wani dogon kwazazzabo da ya bi gefensu na tsawon sama da kilomita 3,000, zurfinsa a kudancin Java da Bali ya haura mita 7,000. A bakin wannan kwazazzabo ne gindin teku yake sunkuyawa, yana shigewa ƙarƙashin yankin da tsibiran suke. Duwatsun wutar kuwa sun tsaya a bayansa da tazarar kilomita 300 ko kusa da haka, suna bin duk inda ya karkata. Kwazazzabon, da duwatsun, da girgizar ƙasar, har ma da albarkar gonakin Java, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Wai mene ne wannan faifan ƙasa da ake ta faɗa?

A ɗauki duniya kamar mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo a can tsakiya. Ɓawon, haɗe da saman tsokar da ya sandare, kaurinsu wajen kilomita 100 ne, wanda ba komai ba ne a jikin abin da daga samansa zuwa cibiyarsa ya fi kilomita 6,300. Wannan rufi mai tauri ba a haɗe yake gaba ɗaya ba. A tsattsage yake kamar sakainar ƙwarya da aka mayar aka jera, kowane yanki shi ake ce wa faifai. Tsokar da ke ƙasansu dutse ce, ba ruwa ba, sai dai zafi ya sa tana da taushin da za ta iya motsi a hankali cikin dubban shekaru, fayafan kuma suna tafiya a kanta.

Faifan da ke ɗauke da Ostireliya da gindin Tekun Indiya yana matsowa arewa da kimanin santimita 7 a shekara a daidai Java, a daidai Sumatra ya ɗan gaza haka. Wato kusan ninki biyu na saurin tsirowar farce. Daga haihuwar mutum zuwa ya cika shekara 70, faifan ya matsa mita biyar. A shekara miliyan ɗaya, kilomita 70. Sannu ba ta hana zuwa.

To da suka haɗu, me ya sa ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya?

Nauyi. Gindin teku baƙin dutse ne mai nauyi, kuma yana ƙara tsufa yana ƙara sanyi da nauyi. Wanda ke kudancin Java ya haura shekara miliyan 100. Ɓawon nahiya ya fi shi kauri amma bai kai shi nauyi ba, don haka idan suka yi karo na tekun ne ke sunkuyar da kai. Da zarar bakinsa ya nitse, nauyinsa ne ke janyo sauran, kamar tabarmar da aka bar gefenta yana reto daga kan katanga har ta zame duka.

Dutse mai sanyi ne ke nitsewa, daga ƙarƙashin teku ma. Daga ina wutar take fitowa?

Nan ne abin mamakin yake: ruwa ne ke kunna wutar.

Mutane da yawa suna zaton gogayyar fayafan biyu ce ke narkar da dutse, wasu kuma suna zaton faifan da ya nitse ne ke narkewa gaba ɗaya. Duka biyun ba su ne ainihin dalili ba. Gindin teku ya yi shekaru miliyoyi yana jiƙe, ruwa ya ratsa tsagoginsa har ya shiga cikin ma'adinan dutsen kansu, ga laka da ta kwanta a kai. Da wannan kaya yake gangarawa. Idan ya kai zurfin wajen kilomita 100, zafi da matsi sai su tatse ruwan, ruwan ya haura cikin tsokar ƙasa da ke samansa. Ita tsokar dama da zafinta, kaɗan ya rage ta narke. Shigar ruwan sai ya rage yawan zafin da take bukata, wani ɓangarenta ya narke.

Duk macen da ta taɓa dafa wake ta san wannan. Wake ya ƙi nuna, ba a ƙara ko itace ɗaya a murhu ba, an dai jefa 'yar kanwa, sai ga shi ya yi luguf. Aikin da kanwa ke yi a tukunya, kwatankwacinsa ruwan teku ke yi a can ƙasa.

Narkakken dutsen ya fi abin da ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya riƙa hawa a hankali, ya taru a ɗakuna ƙarƙashin ɓawo, wani ya sandare a can, wani ya sami ƙofa ya fito. Tunda kuma faifan yana kai wa wannan zurfi ne a kusan tazara ɗaya daga kwazazzabon, shi ya sa duwatsun suka fito a layi. Da mutum zai haƙa rijiya a gindin Merapi ko Semeru, duwatsun wuta biyu na Java, ya yi ta nitsawa, a wajen kilomita ɗari da 'yan kai zai tarar da tsohon gindin Tekun Indiya.

Me ya lanƙwasa layin?

Duniya dunƙulalliya ce. A danna yatsa a jikin ƙwallon roba da ta yi sako-sako, bakin lotsawar ba ya fita a miƙe, zagaye yake yi. Bakin faifan da ya lotsa ciki ma haka. Shi ya sa ake ganin irin wannan baka a Japan, da tsibiran Mariyana, da ƙananan tsibiran Karibiyan.

Ba wanda ya taɓa shiga can. Ta yaya aka sani?

Tambaya ce mai kyau, kuma masanan kansu sun daɗe suna gardama. Lokacin da Bajamushe Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna tafiya, a 1912, yawancin abokan aikinsa ba su yarda ba, har ya mutu a 1930 magana ba ta karɓu ba. Sai a shekarun 1960 hujjoji suka yi yawan da ba a iya ture su.

Wasu daga cikin hujjojin farko a tekun Indonesiya aka samo su. Wani masani ɗan Holan, Vening Meinesz, ya riƙa shiga jirgin yaƙi mai nitso yana auna ƙarfin jan ƙasa a ƙarƙashin ruwa, domin a saman teku igiya ba ta barin ma'auninsa ya natsu. A kusa da 1930 ya gano wani dogon zirin da jan ƙasa ya yi rauni, ya bi gefen tsibiran tiryan-tiryan, alamar akwai abin da ke danne ɓawon ƙasa a wurin.

Hujja ta biyu girgizar ƙasa ce. Kowace girgiza ana iya lissafa zurfin da ta taso. Da aka jera su sai aka ga na kusa da kwazazzabon a sama-sama suke, ana matsawa arewa suna ƙara zurfi, har a ƙarƙashin tekun da ke arewacin Java ana samun waɗanda suka taso daga zurfin kilomita 600. Ɗigon girgizar sun zana gangaren faifan kamar yadda sawu ke nuna hanyar da dabba ta bi. Wadati na Japan da Benioff na Amurka ne suka fito da wannan tsari, da sunansu ake kiransa. Yau kuma na'urorin GPS da aka kafe a tsibiran suna auna motsin kai tsaye.

A talabijin ana ganin duwatsun wutar tsibiran Hawai suna malala kamar kogi. Me ya sa na Indonesiya suke fashewa?

Bambancin kunu da talge ne. Kunu mai ruwa-ruwa idan ya tafasa, tururi na fita salin-alin. Talgen tuwo idan ya fara kauri, tururin ba ya samun hanya, sai ya taru ya fashe, ya fantsamo wa mai tuƙi a hannu. Narkakken dutsen Hawai tsululu ne. Na Bakan Sunda yana da kauri da danƙo saboda yawan sinadarin yashi a cikinsa, ga shi maƙare da tururi da iskar da ya gado daga ruwan teku. Idan ya kusa sama, matsi ya ragu, sai iskar ta kumbura lokaci guda ta tarwatsa shi ya zama toka da tsakuwa.

Don haka abin tsoro a Java ba jan kogin wuta ba ne, wannan ana iya guje masa. Abin tsoro shi ne guguwar toka da iska mai zafin ɗaruruwan digiri da ke gangarowa daga dutse da gudun da ya fi na mota. Mutanen gindin Merapi suna ce mata *wedhus gembel*, wato tunkiya mai cukurkuɗaɗɗen gashi, saboda yadda take dunƙule-dunƙule. Na biyu shi ne lahar: ruwan sama ya haɗu da toka ya zama kwaɓaɓɓen siminti, ya bi rafi yana kwashe gadoji da gidaje, wani lokaci watanni bayan dutsen ya yi shiru. Kalmar lahar ma daga harshen mutanen Java masana na duniya suka are ta.

Dutsen da ke sandarewa daga irin wannan aman, mai ruwan toka, shi aka sassaƙa aka gina wurin ibadar Borobudur da ke Java fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Wane aman wuta ne ya fi muni?

A tarihin da aka rubuta, Tambora ne, a tsibirin Sumbawa, watan Afrilun 1815, shekara biyu kafin rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Dutsen da ake ƙiyasin tsayinsa ya kai mita 4,300 ya dawo 2,850, kansa ya zama rami mai faɗin kilomita shida. A Java, da aka ji rugugin farko an ɗauka igwa ce, har aka fitar da sojoji. Dubun-dubatar mutane suka mutu, mafi yawansu ba wuta ce ta kashe su ba, yunwa ce da cuta bayan toka ta binne gonaki. Hayaƙin da ya hau sama ya dushe hasken rana, a 1816 amfanin gona ya lalace a Turai, ƙanƙara ta zuba a arewa maso gabashin Amurka a watan Yuni, tsakiyar lokacin zafinsu.

Krakatau ya fi suna ko da bai kai Tambora girma ba, don a 1883 akwai wayar tangaraho, labari ya zaga duniya nan da nan. Ranar 27 ga Agusta ya fashe a mashigin da ke tsakanin Java da Sumatra, aka ji ƙarar a tsibirin Rodrigues mai nisan kusan kilomita 4,800, wato ya fi daga Kano zuwa Makka. Mutum sama da 36,000 suka halaka, galibi igiyar ruwa ce ta cinye su. A 1927 wani sabon dutse ya ɓullo daga teku a gurbinsa, aka raɗa masa Anak Krakatau, ɗan Krakatau. Ɗan ya gaji uban: a Disambar 2018 gefensa ya zaftare cikin ruwa da dare, igiya ta kashe fiye da mutum 400.

Uban gayyar shi ne Toba a Sumatra, wajen shekara 74,000 da suka wuce. Ramin da ya bari yanzu tafki ne mai tsawon kilomita 100, ya fi tafiyar Kaduna zuwa Zariya, da tsibiri a tsakiyarsa.

Tsunamin Aceh ta 2004 ma daga nan take?

Daga nan take, amma ba ruwan dutsen wuta a ciki. Fayafan biyu ba sa zamewa sumul. Sukan cije da juna na ɗaruruwan shekaru, na ƙasan yana jan bakin na saman yana lanƙwasa shi, kamar yaro ya janyo reshen bishiya. Safiyar Lahadi 26 ga Disamba, gab da ƙarfe takwas, reshen ya kuɓuce. Tsagar ta yage na tsawon kimanin kilomita 1,300, ƙarfin girgizar ya haura maki 9, ƙasa ta yi kusan minti goma tana rawa. Gindin teku ya ɗaga da mitoci, ya ɗago duk ruwan da ke kansa, wannan gagarumar igiya ita ake ce wa tsunami. Cikin ƙasa da rabin sa'a ruwan ya shiga Banda Aceh, babban birnin lardin Aceh da ke ƙarshen arewacin Sumatra, ya ɗauki wani jirgin ruwa mai samar da lantarki ya dire shi a tsakiyar unguwa, inda yake har yau. Bayan sa'o'i ya isa gaɓar Somaliya. Mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, mafi yawansu a Aceh.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne labarin tsibirin Simeulue, wanda yake dab da inda girgizar ta taso. Tun bayan wata tsunami a 1907, iyaye suke gaya wa 'ya'yansu cikin waƙa da tatsuniya cewa idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, teku kuma ya ja da baya, kada a tsaya tsintar kifi, a hau tudu. Suna kiran abin *smong*. Mutanen tsibirin sun haura 70,000, waɗanda suka mutu ba su kai goma ba. A ganina babu wata na'urar gargaɗi da ta taɓa yin aikin da wannan tatsuniya ta yi.

Duk tsibiran iri ɗaya ne?

A'a. Sumatra da yawancin Java a kan tsohon ɓawon nahiyar Asiya suke zaune, wutar ta huda shi ne ta fito. Daga Bali zuwa gabas ɓawon ya fi siranta, tsibiran kusan duwatsun wuta ne suka gina su tun daga gindin teku.

A Sumatra faifan ba gaba da gaba yake zuwa ba, a karkace yake shigowa, sai ya ja gefen tsibirin na yamma zuwa arewa. Wannan ya tsaga Sumatra daga kai zuwa ƙafa, tsagar mai tsawon kusan kilomita 1,900 ta bi tsaunukan Barisan, ita ma da nata girgizar. Akwai kuma jerin ƙananan tsibirai a gabanta, Simeulue da Nias da Mentawai, waɗanda ba su da dutsen wuta ko ɗaya. Su tarkace ne da laka da aka kankare daga bayan faifan da ke nitsewa, kamar yadda katapila ke tara ƙasa a bakinta.

A can gabas labarin ya sauya. Gindin teku ya ƙare, gefen nahiyar Ostireliya da kanta ya iso bakin rami, ita kuma ba ta nitsuwa. Sai abin ya zama karo. Duwatsun wutar da ke arewa da tsibirin Timor, irin na tsibirin Wetar, suka mutu, Timor kuwa ta yi ta ɗagowa, har ana samun duwatsun murjani, waɗanda sai a ruwan teku suke girma, a kan tuddai ɗaruruwan mitoci sama da gaɓa.

An ce dabbobin Bali daban, na Lombok daban, alhali suna kallon juna?

Haka ne, tsakaninsu wajen kilomita 35 ne kawai. Lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ya ja baya da kusan mita 120, Sumatra da Java da Bali suka haɗe da Asiya, damisa da sauran namun daji suka tako da ƙafa. Mashigin Lombok yana da zurfi, bai taɓa ƙafewa ba. Baturen Ingila Alfred Russel Wallace ne ya lura da wannan iyaka a shekarun 1850, musamman a tsuntsaye, tun ba wanda ya san zancen fayafai.

Da duk wannan haɗari, me ya hana mutane tashi?

Su tashi su je ina, su ci me? Java kusan kashi ɗaya cikin bakwai ce na faɗin Najeriya, amma mutum sama da miliyan 150 ne a kanta, fiye da rabin al'ummar Indonesiya. A ƙasashen da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, ruwan yakan wanke albarkar ƙasa ya bar ta fayau. Tokar dutse ce ke sabunta ta, taki ne da ba a saye. Manomin Java yana girbe shinkafa sau biyu, wani wuri sau uku a shekara. A ƙetara zuwa tsibirin Borneo, ruwa iri ɗaya, rana iri ɗaya, ba dutsen wuta mai rai, sai ga ƙasa ba ƙarfi, mutane kuma tsilli-tsilli.

Ba noma kaɗai ba. Tururin ƙarƙashin ƙasa yana juya injinan lantarki, a wannan fanni Amurka ce kawai ke gaban Indonesiya. Jan ƙarfe da zinariyar da ake haƙa a Sumbawa a tsofaffin ɗakunan narkakken dutse suka taru. A ramin Ijen da ke gabashin Java, leburori na gangarawa cikin hayaƙi mai shaƙe numfashi, wasu da tsumma kawai a hanci, su farfasa farar wuta, su ɗoro kilo 70 zuwa 90 a kwanduna biyu da sandar gora a kafaɗa, su hauro da ita. Masu yawon buɗe ido suna zuwa da dare ɗaukar hoton shuɗiyar wutar da ke ci a wurin, leburorin suna ratsa su da kayansu.

Ana iya sanin ranar da abin zai faru?

Dutse yakan yi gyaran murya: ƙananan girgiza su yawaita, jikinsa ya kumbura, hayaƙinsa ya sauya. Hukumar da ke sa ido a kan duwatsun, mai hedkwata a Bandung, tana da matakan gargaɗi huɗu, na ƙarshe shi ne *Awas*, wato a tashi. A 2010 an kwashe mutum sama da 300,000 daga kewayen Merapi, duk da haka fiye da 350 suka mutu. Cikinsu har da Mbah Maridjan, dattijon da fadar Sarkin Yogyakarta ta naɗa mai tsaron dutsen, wanda ya ƙi barin gidansa. Wani dutsen kuma yakan yi shammata: Sinabung na Sumatra ya yi ɗaruruwan shekaru yana barci, a 2010 ya farka.

Girgizar ƙasa kuwa ba ta sallama. Masana na iya nuna wurin da faifai ya daɗe a cije, kamar gaban tsibiran Mentawai, amma rana da wata ba mai iya faɗa. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp da kwanan wata, ƙarya yake yi.

Mu fa? Duwatsun Kamaru da na Biu irin waɗannan ne?

Ba irinsu ba ne. Najeriya da Nijar da maƙwabtansu a tsakiyar faifan Afirka suke, nesa da bakinsa, kuma a gaɓar Legas ko Accra babu gindin teku da ke nitsewa ƙarƙashin nahiya. Tekun Atlantika buɗewa yake yi, ba rufewa ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne mu ma muna da layi. Ya taso daga teku, tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya miƙa cikin ƙasa har tsaunukan Adamawa da tudun Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila yake zaune a bakin tsohon dutsen wuta. Sai dai ba kwazazzabo a gefensa, ba girgiza mai zurfi a ƙarƙashinsa, narkakken dutsen daga tsokar ƙasa yake hudowa ta tsakiyar faifai, kamar dai na Tibesti a Chadi da Jabal Marra a Darfur.

Wannan ba ya nufin layin namu ba ya cizo. Daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a gindinsa daga ƙarƙashin ƙasa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta kwanta a kan ƙauyuka, mutum sama da 1,700 da dubban shanu suka mutu, yawancinsu cikin barci. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin, yana tsotso ruwan ƙasa yana fesawa sama don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.